Ku Tambayi Anti Nas: "Wai me ya kai ki aikin masu taɓin hankali?"

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan watan rabinsu ba a kan ciwo ba ne, a kaina ne, wai ni 'yar ina ce, a ina nai karatu, me ya kai ni wannan aiki, har da mai tambayar ko ina da miji. Edita ya ce in daina zillewa in amsa, toh ga shi. Kamar kullum mun cire sunaye, gari kawai muka bari.

TAMBAYA: Anti ina wuni ya aiki. Ni bana na gama sakandare, ina son irin aikinki amma Baffana ya ce aikin mahaukata ne ba wanda zai aure ni, kuma ni ban ma san kwas ɗin da ake cikewa ba. Dan Allah ke ya akai kika fara, a gida ba a hana ki ba?
Daga 'yarki, wani ƙauye a Gwaram

AMSA: Lafiya lau 'yata, Allah ya ba da sa'ar sakamako. Ki ce ina gaida Baffa da kyau, ki kuma faɗa masa ina ɗakina, har na aurar.

Ni ma 'yar ƙauye ce irin ki, ta wajen Sumaila aka haife ni. Babanmu manomi ne, da rani ya sari gyaɗa ya kai kasuwa, Innarmu kuma ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, ba wanda ya taɓa sa farin kaya a zuriyarmu. Yayarmu ce ta ja ni. Haihuwarta ta fari ta zo gida goyon ciki, ta sauka lafiya, akai suna aka ci tuwo aka watse, ba a rufa sati ba sai ta daina bacci kwata-kwata, tsakar dare ka ji ta tana ta zuba ita kaɗai, a miƙo mata jariri ta ce ba nata ba ne an canja mata. Kan ka ce me gari ya ɗauka, wasu su ce iska ce ta shafe ta a bayan gida da magariba, wasu su ce dangin miji ne sukai mata asiri. Ba abin da ba a yi ba, rubutu, hayaƙi, turare, yankan baƙin bunsuru, daga ƙarshe aka sa mata mari a ƙafa aka kulle ta a ɗakin da muke ajiye harawa. Ni nake miƙa mata kunu ta taga don ni kaɗai ce ba ta zagi, lokacin ina firamare. Har yau tabon marin nan yana nan a idon sawunta.

Wani malamin asibiti ne na sha-ka-tafi ɗin garinmu, ba ma likita ba, ya zo ya leƙa ta, ya ja babanmu zaure ya ce Malam wannan ciwon masu jego ne kuma ana warkewa, ku kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano. A bayan akori-kura aka tafi da ita ranar kasuwa. Cikin 'yan makonni ta dawo hayyacinta tana tambayar ina ɗanta. Ciwon sananne ne, cikin haihuwa 1000 akan samu mace 1 ko 2 da yake kamawa, yawanci a sati biyun farko bayan haihuwa, kuma na gaggawa ne don ran uwa da na jariri duk suna cikin hatsari.

Amma abin da ya sa ban tsaya a allura da raba ƙwaya ba shi ne abin da na gani bayan ta dawo. Magani yai aikinsa, gari ne bai bar ta ba. Ta shiga gidan biki sai a yi tsit, mata su janye 'ya'yansu, a bakin rijiya ba mai taɓa gugarta, mijin kuma ya aiko da takarda ko zuwa bai yi ba. Ta warke sarai amma ta koma ɗaki ta daina leƙa ko zaure, kuma a duk ledar maganin da aka ba ta babu na wannan. Wata gwaggonmu ce ta dinga zuwa da yamma da kwaryar gyaɗa su zauna suna ɓara, ba wa'azi ba nasiha, ta bar ta tai ta magana, tai kuka in za ta yi, a hankali ta fara jan ta zuwa barka da gaisuwar mutuwa. Yanzu Yaya tana gidan wani mijin, atamfa take sayarwa, tana da jikoki.

Toh batun karatu. Ƙofofin sun fi ɗaya. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, shi sai an yi shekara 6 a karatun likita, a yi aikin koyo, sannan a ƙara wasu shekarun na ƙwarewa a irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma su ɗin ba su kai 300 ba a duk Najeriya mai mutum sama da miliyan 200, mafi yawansu ma a birni suke. Akwai masu digirin saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam, kamar wanda ake yi a Jami'ar Jos, su sai sun ƙara digiri na biyu a ɓangaren asibiti kafin su fara ganin marasa lafiya. Akwai kwas ɗin gaidans da kansilin, wato ba da shawara, a tsangayar ilimi, Jami'ar Bayero ta Kano (BUK) ma suna yi. Ni ta nas na shiga, nai aiki a ɗakin haihuwa, na tafi Kaduna asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa nai ƙarin karatun nas na wannan fannin, sai da yarana suka tasa sannan na koma BUK na ƙaro na ba da shawara.

In ta ni ce ki bi ta nas, ga makarantar nas nan a Birnin Kudu kusa da ku, kiredit biyar ake so, Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks. Dalilina shi ne a ƙauye ba mai zuwa ya ce miki ina da damuwa, da ciwon jiki ake zuwa, in ba ki san awon jini da alamun maleriya ba ba za ki iya bambancewa ba, kuma farin kayan nan yana buɗe miki ƙofar gidajen da ba sa shiguwa. In hakan bai samu ba akwai makarantar kiwon lafiya ta Jahun, ma'aikatan ƙananan asibitoci ma ana koya musu gane waɗannan cututtukan ƙarƙashin wani shiri da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi tun 2008. Shi kuma Baffa kar ki ja da shi, ki samu wanda yake jin nauyi, limaminku ko hedimasta, su same shi bayan isha.

TAMBAYA: Malama bayan gaisuwa. Mun ji ana cewa ku 'yan asibiti komai sai ku ce ƙwaƙwalwa ce, ba ku yarda da shafar aljani ko sihiri ba. Ina son in ji daga bakinki, domin ana kawo min mutane ruƙiya.
Daga wani malamin Islamiyya, ƙasar Ringim

AMSA: Allah ya gafarta Malam, na gode da ka tambaya kai tsaye. Ni Musulma ce, na yi allo kafin in yi boko, ba zan musa abin da Alƙur'ani ya saukar da sura guda a kansa ba. Ban taɓa hana kowa addu'a ko ruƙiya ko azkar ba, sau da yawa ma ni nake tambayar mace ko tana samun tashi asuba, don wanda damuwa ta danne har ibada sai ta yi masa nauyi, sai kuma ya ƙara shiga wani ƙuncin yana ganin imaninsa ne ya yi rauni. Kuma kai ka fi ni sanin hadisin da ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta.

Rigimata da abu uku ce, duka, mari, da ɓata lokaci. A zane mara lafiya da bulala a ce aljanin ake duka, a tura masa hayaƙin barkono a ƙuryar ɗaki, a hana shi abinci, wallahi jikin ɗan mutane ne yake farfashewa kuma mu ake kawo wa mu wanke gyambon. Ka tuna 2019 da 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa, kuma iyaye ne da hannunsu suka kai su suna biyan kuɗi don ba su san wata ƙofar ba. A watan Janairun 2023 shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma tabbatar wa mara lafiya haƙƙinsa na a yi masa magani cikin mutunci. Dokar tana takarda dai, a ƙauyukanmu ko labarinta da yawa ba su ji ba.

Haɗa kai da malamai da masu maganin gargajiya kuma ba sabon abu ba ne. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, ana saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da ɗan'uwansu ɗaya mai jinya, da rana su je asibiti da yamma su dawo cikin jama'a, yana kuma aiki da masu maganin gargajiyar yankin. Mutumin nan har mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya ya zama.

Abin da nake roƙon ka Malam, tunda gurinka ake fara zuwa kafin gurinmu, akwai waɗanda za ka tofa musu addu'a ka ce a wuce asibiti a ranar ba gobe ba. Wanda surutai suka zo masa tare da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya, don maleriyar da ta hau kai da sanƙarau haka suke yi kuma suna kisa cikin kwana kaɗan. Mai faɗuwa yana kumfa, farfaɗiya tana da magani mai araha kuma ba a ɗaukarta ta yawu, kar a tura masa cokali a baki, a kwantar da shi ta gefe kawai. Mai jegon da ta daina bacci. Da duk wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko da wasa ya faɗa. In ka ce a je za a je, bakinka ya fi nawa kaifi a garinku.

TAMBAYA: Anti gaskiya ne duk mai aiki da su a ƙarshe shi ma sai ya ɗan taɓu? Kar ki ji haushi.
Daga wani ɗan acaɓa, Dambatta

AMSA: Hhh ɗana ban ji ba, kishiyata ma ta taɓa tambaya ta. Ba a ɗauka, ba tari ba ne. Gajiya dai akwai ta, wannan ba zan ɓoye ba. Bayan gobarar tankar mai ta Majiya a ƙaramar hukumar Taura a Oktoban 2024, wadda ta ci mutum sama da 150, na zauna da wasu da suka ɗauki gawarwaki a daren, watanni sun wuce amma mutum ya ce da ya ji warin fetur sai jikinsa ya ɗau rawa, ya rufe ido ya ga wuta. Ka wuni kana jin irin wannan dole ka koma gida da nauyi a ƙirji. Shi ya sa a aikin aka ce mai sauraro ma ya samu mai sauraronsa, ina da abokiyar aiki da muke zama mu sauke wa juna ba tare da kiran sunan kowa ba. Sauran kuma awakina ne suke ɗebe min kewa.

TAMBAYA: Hajiya, iyalina tana zuwa gurin wata ma'aikaciya irin ki a babban asibitinmu, duk zuwa sai su shige su daɗe, in na tambaye ta me kuka tattauna sai ta ce ba komai. Na je da kaina matar ta ce ba za ta faɗa min ba. Ni ne fa mijinta kuma ni nake biyan kuɗin mota. Me ake yi a ɗakin nan?
Daga wani magidanci, Kafin Hausa

AMSA: Maigida sannu da ƙoƙari, mijin da zai biya kuɗin mota a kan ciwon da ba a gani da ido ba ko'ina ake samun sa ba. Amma ma'aikaciyar nan daidai tai, ni ma haka zan yi maka. Ranar da mace ta gane abin da ta faɗa zai riga ta isa gida, daga ranar ta rufe baki, kuɗin motarka kuma ya tafi a banza.

Bari in gaya maka yadda zaman yake don hankalinka ya kwanta. Ba ma wani ɗakin kirki ba ne, nawa labule ne ya raba shi da inda ake awon ciki, in cunkoso yai yawa benci muke ja mu koma gindin darbejiya inda ba kunne. Mace za ta zo da katinta ya cika, an yi mata maganin taifot, an yi na olsa, an ƙara ruwa a kemis, ta ce tsakar kanta zafi, zuciya na bugawa, wani abu na yawo a jikinta. Sai na fara awon jini in tabbatar ba ƙarancin jini ko hawan jini ba ne, sannan in tambayi bacci, ƙarfe nawa take farkawa, in ta farka me yake fara zuwa mata. In tambayi rabon ta da kitso, rabon ta da lalle, rabon ta da zuwa suna. Wallahi a kan tambayar kitson nan mata da yawa suke fashewa da kuka. Daga nan ni shiru nake yi, ita ce mai magana, wata ɗan da ta binne ne ba a bar ta tai kukansa ba aka ce ta yi haƙuri, wata bashin adashi ne, wata gorin haihuwar mata, wata kuma ita kanta ba ta san dalili ba kuma hakan ma yana faruwa. A ƙasashe irin namu kusan mace 1 cikin 5 tana shiga irin wannan damuwar bayan haihuwa.

Ba na ce wa mace ki fita daga gidan mijinki ko ki zauna, ba hurumina ba ne, na san shi ne tsoron maza da yawa. Muna ɗaukar matsala ɗaya ne mu duba me za ta iya a kai a wannan satin, mu sa ɗan aiki ƙarami, ta leƙa maƙwabta sau ɗaya, ta koma suyar awarar da ta bari, in tunanin "ni ba ni da amfani" ya zo mu zauna mu bincika shi gaskiya ne ko ciwon ne yake magana. In abin yai nauyi sai likita ya rubuta magani, shi kuma kamar shukar gero ne, ba ranar da aka binne iri ake ganin zangarniya ba, sai yai sati 2 zuwa 4 kafin a fara jin sauƙi, kuma bayan an ji sauƙin ana ci gaba da sha a ƙalla wata 6. Nan ne maza suke ɓata mana aiki, da an ga ta fara dariya sai a ce ta warke a daina saya.

Sirrin yana da iyaka ɗaya, in ranta ko na wani yana cikin hatsari, kai za a fara kira kuma tun zaman farko ake gaya mata haka. Tunda ba a kira ka ba ka gode wa Allah. In kana son shiga ciki ka tambaye ta ita, ba ma'aikaciyar ba, ko za ta yarda ku je tare wata rana, ana yin zaman miji da mata kuma yana amfani sosai. Ka daina tsare ta da me kuka ce, ka tambaye ta ko ta samu bacci.

TAMBAYA: 'Yar nan, ɗana ne ya faɗa shan ƙwaya, da damina ya fara wai don ƙarfin noma, yanzu ko noman ba ya yi. Magana kawai irin taku za ta raba shi da ita? Ko in kai shi a ɗaure shi?
Daga wani dattijo, ƙasar Kazaure (jikansa ne ya rubuta masa)

AMSA: Baba ina gaisuwa, Allah ya shirya mana shi. Kar a ɗaure shi dan Allah, na ga waɗanda suka shekara a mari, ranar da aka kwance su ranar suka koma, da ƙarin ƙiyayyar iyaye a kai. Kuma ba kai kaɗai ba ne, binciken da gwamnati tai da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a ƙasar nan cikin shekara ɗaya. A shekarar ne aka haramta maganin tari mai kodin, yaran suka ƙara raja'a a kan tiramol da sauran ƙwayoyi.

Magana kawai ba ta isa ba, gaskiyar kenan, amma magani kawai ma bai isa ba. Jikinsa ya riga ya saba, in ya daina tiramol satin farko zai yi ciwon gaɓoɓi, zufa, gudawa, hamma da rashin bacci, nan ne yawancinsu suke karaya, kuma asibiti suna da abin da suke ba da wa ya rage wahalar. In kuma da diyazafam a ciki, wadda suke ce wa D5, kar a yanke masa rana ɗaya, tana iya jawo jijjiga mai hatsari, a hankali likita yake rage ta. Bayan jiki ya wanke sannan aikina yake farawa, su wa yake zama da su, ƙarfe nawa sha'awar take taso masa, me zai sa a hannunsa da rani in gona ta tashi, don zaman banza na rani shi ne yake mayar da su. Zai iya zamewa ya koma sau ɗaya ko biyu, in hakan ta faru a dawo da shi, kar a ce an gama.

Ga asibitin ƙwaƙwalwa nan a Kazaure kusa da ku, Dawanau ma ba nisa a kan hanyar Kano. Kar ku yaudare shi ku ce unguwa za a, ka samu lokacin da yake cikin hayyacinsa, da safe ya fi, ka gaya masa kai za ka raka shi da kanka. Jikan nan naka ya duba aljihunsa da ƙarƙashin katifa ya tattaro fankon ƙwayoyin a leda ku tafi da su, don likita ya ga sunansu da ƙarfinsu, su yaran sunan da suke kiran su da shi daban ne da wanda yake jikin kwali.

Sauran wasiƙun, har da ta baiwar Allah daga Gumel mai tambaya a kan yaron da yake fitsarin kwance, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.